Hatimin takardar filin nan bai kwanta min ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani dillali ya kawo min tallan fili a Kano, ya turo hoton takardar mallaka ta WhatsApp, mai ɗauke da shekarar 2004. Da na faɗaɗa hoton sai na ga hatimin ya fi sauran takardar haske, kamar daga baya aka ɗora shi. Na riga na ba da kafin alƙalami, cikon kuɗi ranar Juma'a. Ana iya gane ko haɗa ta aka yi a kwamfuta?

Mai shagon ɗab'i: Wa alaikumus salam. Da manhajar zane ta CorelDRAW nake cin abinci, don haka na san wannan aikin. Hatimin hannu tawadarsa ba ta zama daidai, wani gefen ya yi kauri, wani ya dushe. Wanda aka yanko aka liƙa kuwa bakinsa kan fita tas, wani lokacin har da farin zagaye. Ka duba ko layin ninkin takardar ya ratsa ta cikinsa.

Ɗalibar kwamfuta: Yayana, hoton WhatsApp ba zai wadatar ba, domin manhajar tana matse hoto ta goge bayanan da ke ɓoye a jikinsa. Ka ce ya turo asalin fayil ɗin ta zaɓin "Document" na WhatsApp, ba a matsayin hoto ba. In PDF ne, ExifTool, mai karanta bayanan da ke ɓoye a fayil, zai nuna manhajar da ta samar da shi da ranar. In ka ga Photoshop, manhajar gyaran hoto, ka sa alamar tambaya, amma ba hujja ba ce ita kaɗai, wasu da shi suke gyara hasken sikanin. Ka lura da salon haruffan ma. A Pakistan a 2017 an tuhumi takardar Maryam Nawaz, 'yar firaministan ƙasar na lokacin, mai kwanan watan 2006 saboda da salon haruffan Calibri aka buga ta, alhali sai 2007 ya shiga hannun jama'a.

Lauya: Alhaji, duk wannan dogon zance ne in ba ka riƙe takardar a hannunka ba. Ka karɓi lambar fayil ɗin filin ka je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, a yi maka bincike. Kada ka goge hirarku ko ka canja waya. In magana ta kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayanin na'urar da shaidar ta fito.

Mai tambaya: Na gode. Na nemi lambar, ya ce mai filin ya tafi Umara da takardar. Na ce masa Juma'a ta jira dawowarsa.