Wa ya kashe wa makaɗan garinmu kasuwa?

Auta mai caji: Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya na je bikin gidan Sarkin Fawa, tun la'asar har aka watse ban ga kalangu ko ɗaya ba. Gidan mahauta fa, su da kalangu kiɗan gadonsu ne. DJ ne kawai da lasifika biyu da janareto. Abin ya tsaya mini a rai. Ni a ganina mutum ɗaya ne sila, wani Ba'amurke, Andy Hildebrand, wanda ya ƙirƙiro Auto-Tune a 1997, manhajar nan da ke gyara murya. Da bai yi ta ba, da marasa murya ba su cika gari da waƙa ba, kuma da har yau makaɗanmu na ƙasar Ringim suna cin abinci da sana'arsu.

Malam na sakandare: Wa alaikumus salam. Auta, sunan da shekarar duk daidai. Mutumin ma ba a harkar waƙa ya yi suna ba da farko, injiniya ne da ya yi wa kamfanin mai na Exxon aiki. Ana tura ƙara cikin ƙasa, ta dawo, shi kuma ya lissafa abin da ke kwance a ƙarƙashi. Irin wannan lissafin ya juyo da shi kan muryar ɗan Adam, kwamfuta ta gane inda mawaƙi ya kauce ta mayar da shi kan layi. Nufinsa a yi gyaran ba wanda ya ji. Sautin nan mai kama da ana waƙa ta hanci kuwa, saurin gyaran ake ƙurewa har ƙarshe. Amma ka ɗora wa mutum ɗaya kayan da ya fi ƙarfinsa. A 2001 wata manhajar gyaran murya, Melodyne, ta fito daga Jamus. Ko da Hildebrand ya tsufa a aikin mai, wani zai kawo.

Auta mai caji: Malam, wani zai kawo, amma yaushe, kuma da wane irin sauti? Duk memorin da aka kawo mini turin waƙa, wannan sautin ake nema. Shekara huɗu ba wasa ba ce a kasuwa.

Gwaggo: Auta ɗana, ka tambayi mu da muke aurar da 'ya'ya. Makaɗa in za su zo, su shida ne ko bakwai. Ka ciyar da su, ka ba su masauki, ka biya mota, sannan ga liƙi da kari. DJ yaro ɗaya ne a kan babur. Ranar da na aurar da ta biyu, gero ya yi tsada, lissafin nan na yi, ban san wani Bature ba. Kuma ku maza kuna magana kamar kiɗa ya mutu. Ku shigo cikin gida ranar suna ku ji ƙwarya a kan ruwa. Ba ta je ko'ina ba.

Malam na sakandare: Gwaggo ta taɓo wajen. A ƙara da wa'azi. Daga 2000 da aka ƙaddamar da shari'a a Kano da Jigawa, makaɗa da yawa sun ajiye kayansu da kansu, wasu don tsoro, wasu don zuciyarsu ta karkata. Kuma fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara a Kano tun 1990, da fiyano ƙirar Yamaha ake masa kiɗa kafin kowa a nan ya ji sunan Auto-Tune.

Kawu: Ina ta karantawa. Auta, ka rage yawan "da". An hore mu cewa kalmar nan tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Abin da Allah ya ƙaddara ya riga ya faru.

Malam na sakandare: Gaskiya ne Kawu, Allah ya ƙara girma. Wancan "da" na nadama ne da jayayya da ƙaddara. Namu na awo ne: a cire abu ɗaya daga labari a ga ko sauran zai tsaya, don a san nauyinsa.

Kawu: To in awo ne, ku auna wannan. Shekarun ƙuruciyata duk a amshi na yi su, a bayan wani maigida da ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. Mu biyar ne, biyu na kiɗa, uku na amshi. Wata Alhamis muna dawowa daga kasuwar Maigatari a bayan a-kori-kura, ƙura ta cika mana baki, wani amshi ya zo mini. Na rera a hankali, mai kalangunmu ya matse tsarkiya a hammata ya bi ni, kafin mu iso gida waƙa ta tashi. Ita ce ta fi kowace karɓuwa a wajen maigidan. Da aka buga kaset a Kano, hotonsa ne shi kaɗai a jiki, da babbar riga. Babu sunan ko ɗayanmu. Ban ƙi shi ba, ya riƙe mu da mutunci, shi ya yi mini sadakin fari. Amma lokacin babu kwamfuta, babu DJ, kuma tun lokacin ba wanda ya san mu. Kowa ya san Shata, Allah ya jiƙansa. A cikinku wa zai lissafo mini masu kalangunsa? Ku da kuke kukan kasuwar makaɗa, wane makaɗi kuke nufi, na gaba ko na baya? Na baya bai taɓa mallakar kasuwa ba balle a ƙwace masa.

Gwaggo: Wallahi Yaya amshin nan da shi muka yi daka muna 'yan mata. Sai yau na san naka ne.

Babangida na situdiyo: Kawu, maganarka ta sa jikina ya yi sanyi, don ni ne kai a yau. Ina titin gidan Zoo a Kano ina haɗa kiɗa. Mawaƙi zai shigo da baiti huɗu a waya, ni zan kwana ina jera ganguna, in ɗora fiyano, in gyara masa murya gaɓa-gaɓa. Waƙa ta fita, a biya ni sau ɗaya, shi ke nan. Kuma Auta, in sunan Bature kake nema, ai ka tsallake wanda ya fi shafarmu. Manhajar da muke aiki da ita FL Studio ce, wani Didier Dambrin ya rubuta ta wa kamfanin Image-Line na Beljiyam. Ta fito a ƙarshen 1997 da sunan FruityLoops, 'yar ƙaramar na'urar jera bugun ganga, sai 2003 aka canza mata suna. Ita ta sa mutum ɗaya ya zama makaɗa biyar. Auto-Tune galibi murya take taɓawa, ba ta kori mai ganga ba. A ɗakinmu kullum muna buɗe FL Studio, kuma da wuya ka sami wanda ya san sunan mai ita.

Auta mai caji: Na karɓi gyaran Yaya Babangida a kan ganga. A kan murya kuwa ina nan a bakana. A da sai mai murya yake tsayawa gaban jama'a.

Babangida na situdiyo: Ba zan musa maka duka ba. Amma akwai abin da har yau ya gagare ni: yadda kalangu ke lanƙwasa sauti ya yi magana in an matse an saki. Na gwada a fiyano, ba ya fita da rai. Dole in kira mai kalangu ya buga in ɗauka. Kawu, kaset ɗin nan yana nan? Ina so in juye shi a kwamfuta in rubuta sunayenku duka biyar a jiki.

Kawu: Yana cikin adakar Innarku. Zaren ya taɓa tsinkewa na liƙe shi da jan farce, wajen zai ɗan yi tsalle. Uku sun rasu. Mai kalangun yana raye a wani ƙauye wajen Taura, idonsa ya tafi amma hannunsa lafiya lau. In ka zo Juma'a bayan an sauko, ka samo babur mu je tare, ka taho da abin ɗaukar maganarka.