Alƙalin ɗalibai ne, ko jami'in ɗa'a?

1/ Jama'a, ku taya ni neman kalma. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya turo mana wasiƙar da jami'arsa ta aika masa, ana kiransa ofishin wani "student conduct administrator" kan zargin kwafar aikin wani ɗalibi. Hajiya ta ce, "To shi wannan wane ne?" Na tsaya ina inda-inda.

2/ Da na ce "alƙalin ɗalibai", sai ta dafe ƙirji: "Innalillahi! Kotu aka kai shi?" Nan na gane na yi kuskure. Su kansu masu aikin sun guji wannan suna. Ƙungiyarsu da can sunanta ASJA (Association for Student Judicial Affairs), da kalmar "judicial", wato shari'a, a ciki. Daga baya suka cire ta, suka koma ASCA (Association for Student Conduct Administration), don a daina yi musu kallon alƙalai.

3/ Wani malami ya ce mini a sa "jami'in ladabtarwa", tunda jami'o'inmu na da kwamitin ladabtar da ɗalibai. Kalmar tana warin bulala. Kuma namu kwamiti ne na malamai da ke zama in ƙara ta zo. Nasu sana'a ce ta kullum. Da yawansu sun yi digiri na biyu kan harkokin ɗalibai, ƙungiyar kuma na da kwas na horarwa mai sunan Donald Gehring, wanda ya kafa ta, inda ake koyon bincike, sauraren ɓangarori da sulhu.

4/ "Jami'in tarbiyya" ta fi daɗin baki, na kusa yarda. Amma tarbiyya aikin iyaye ce, kuma wannan sana'a ta girma ne bayan jami'o'in Amurka sun sauka daga kujerar uba. A 1960 Kwalejin Jihar Alabama ta kori wasu ɗalibai baƙar fata saboda zaman dirshan na ƙin wariyar launin fata, ba tare da an ji ta bakinsu ba. A 1961, a shari'ar Dixon (ɗaya daga cikin ɗaliban da aka kora), kotun ɗaukaka ƙara ta ce a makarantar gwamnati dole a sanar da ɗalibi laifin da ake zarginsa, a kuma saurare shi kafin kora. Wannan sauraren shi ne tushen aikin.

5/ Ni dai na tsaya a kan "jami'in ɗa'ar ɗalibai". Kunnenmu ya riga ya saba: kullum rediyo na cewa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Ɗa'a na ɗauke da ƙa'ida da gyaran hali, ba ta yanke wa yaro hukunci tun kafin ya buɗe baki. Ɗ biyu a jere na ɗan sarƙe harshe, na sani.

6/ Da na gwada wa Hajiya, cewa ta yi, "Au, ɗa'a? To ka ce masa ya je da wuri, ya faɗi gaskiya." 'Yan Nijar, ku me kuke cewa a jami'ar Yamai?