Baba ya rage tsawo, jininsa kuma ya ƙi hawa

Ɗan_Kurna: Assalamu alaikum. Mahaifinmu shekararsa 71. Tun bayan azumi yake fama da ciwon baya, yanzu ko sallah a kan kujera yake yi. Jallabiyarsa da a da take tsaya masa a idon sawu yanzu jan ƙasa take. An ɗauki hoton bayan, aka ce ƙasusuwa biyu sun lotsa, alhali bai taɓa faɗuwa ba. PCV ɗinsa, wato awon yawan jininsa, 24. Yana shan maganin ƙarin jini, ga zogale ga hanta, amma jinin ko gezau. A wani asibiti an ce mana tsufa ne kawai. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Me za mu ce a duba?

Maman_Ilham: Allah ya ba Baba lafiya. Sanyin ƙashi ne, haka surukata ta yi. Ku sayo masa diclofenac a kemis, yana kwantar da ciwon sosai.

Likitan_Jini: Hajiya, don Allah kada a ba shi. Diclofenac da ibuprofen suna iya ɓalle gyambon ciki ya riƙa zubar jini a ɓoye, kuma in abin da nake zargi ne, ƙoda suke kashewa. Paracetamol ya fi aminci kafin a gan shi.

Malam, tsufa shi kaɗai ba ya saukar da jinin namiji zuwa 24. Dattijo mai ciwon baya, ƙashi na lotsawa ba faɗuwa, jini ya ƙi jin magani: abu na farko da nake so a kawar shi ne mayeloma, sankarar ɓargo. Tana cinye ƙashi, tana cika jini da kalsiyam, tana taɓa ƙoda, kuma ta fi kama baƙar fata. Ku nemi gwajin ESR mai nuna kumburi a jiki, na kalsiyam, na kiriyatinin mai nuna aikin ƙoda, gwajin furotin na jini mai suna SPEP, da na Bence Jones a fitsari. In suka nuna alama, sai a ɗebi ɓargo a ƙashin ƙugu. Sashen jini na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Shika a Zariya ne wurin wannan aikin.

Amma ba ita kaɗai ba ce. A yi gwajin jini na PSA, don sankarar furostet (ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) na son ƙashin baya. A duba bayan gida ko da jini a ciki, a kuma tuna da tarin fuka na ƙashi.

Yana yawan jin ƙishirwa? Bayan gida na yi masa wuya?

Ɗan_Kurna: Wallahi likita kamar kana gidan. Buta guda yake shanyewa da dare, kuma kwanan nan yakan rikice a magana.

Likitan_Jini: To kada ku jira ranar kilinik, alamar kalsiyam ya hau ke nan. Ku kai shi sashen gaggawa yau, da hoton da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. In ƙafafunsa suka rasa ƙarfi ko fitsari ya riƙe, ku faɗa tun daga bakin ƙofa.