Taƙaitattun shawarwari kan shirya takardar neman kwangila da Microsoft Word

Da aka tattauna yadda ake tsara takardar neman kwangila ko jari a kwamfuta, abin da aka fi jaddadawa shi ne a bar manhajar ta yi aikinta. Masu yi da hannu sukan ƙara girman kowane kanu ɗaya bayan ɗaya, alhali idan aka sa musu salon Heading 1 da Heading 2, Word zai haɗa jerin abubuwan da ke ciki da lambobin shafi da kansa, ya kuma sabunta su idan aka danna Update Table bayan an yi gyara. A ganina, wannan ce shawarar da ta fi rage wahala.

An kuma ja hankali kan girman takarda, domin sau da yawa manhajar tana zuwa da ma'aunin Letter na Amurka, mu kuwa A4 muke bugawa, kuma wannan bambancin kan wargaza jadawalin kuɗi. Shafin farko ya ƙunshi taƙaitaccen bayanin aikin, da kuɗinsa, da wa'adinsa, tare da lambar rajistar kamfani ta hukumar CAC ga waɗanda ke Najeriya, saboda mai yanke hukunci ba kasafai yake karanta komai ba.

An ɗan saɓa kan samfuran da aka riga aka tsara: wasu sun ce suna rage ɓata lokaci, wasu sun ce ana mance sunan tsohon abokin ciniki a ciki. Kafin aikawa, a karɓi gyare-gyaren Track Changes (tsarin Word da ke nuna sauye-sauyen da aka yi wa rubutu), a goge sharhin abokan aiki, sannan a mayar da takardar PDF.