Sauraron kiɗa lokacin rubutu: ku yaya kuke yi?

Maman Husna:

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina da matsala, ina neman shawararku.

Ba ni da lokacin rubutu sai bayan isha'i, in yara sun kwanta na gama wanke-wanke. A waya nake rubutawa, ina zaune bakin katifa. Maƙwabcinmu kuwa da an ɗauke wuta yake tayar da janareta, kuma a jikin bangon ɗakina yake ajiye shi. Shi ya sa na fara toshe kunne da iyafis ina kunna waƙa. Ƙarar dai ta ragu, amma ga abin da ya biyo baya. Makon jiya ina rubuta wurin da uwa take yi wa 'yarta nasiha a daren da za a kai ta ɗakin miji. Da safe na sake karantawa, sai na tarar layi biyu na mawaƙin da nake saurare sun shige bakin uwar, kusan kalma da kalma. Raina ya ɓaci ƙwarai, don wurin ne na fi ji da shi a duk littafin. Na goge shafin gaba ɗaya.

Sai na koma kiɗa zalla, na samo na kalangu wanda babu muryar kowa a ciki. Nan ma ban tsira ba. Wallahi jin sa nake yana magana, in tsaya ina bin abin da yake faɗa, jimlar da na ɗauko ta tsere mini. Ni kaɗai ce haka, ko akwai mai irin wannan? Me kuke sawa a kunne in kuna rubutu?

Malamin Hausa:

Wa alaikumus salam Maman Husna. Kunnenki bai yi miki ƙarya ba, kalangu magana yake yi. Hausa harshe ne mai karin sauti, shi ya sa baba mahaifi da baba na rini suke bambanta a baki ko da rubutunsu ɗaya. Makaɗi yana matse tsirkiyar kalangu a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, da haka yake bin hawa da saukar kalmomi. Shi ne dalilin da mahauci zai ji takensa daga nesa ya san da shi ake. Wanda ba ya jin Hausa kiɗa kawai zai ji, ke kuwa kirari kike ji. Don haka ba ki rabu da waƙa ba, mawaƙi kika sauya.

Akwai kuma binciken da Pierre Salamé da Alan Baddeley suka fitar a 1989. Sun sa mutane riƙe jerin lambobi a ka, wani lokaci cikin shiru, wani lokaci da kiɗa zalla, wani lokaci da waƙa mai murya. Waƙa mai murya ce ta fi rikita su. Dalilin shi ne, kafin ki rubuta jimla kina faɗin ta a zuci, kina riƙe da ita na ɗan lokaci. Duk maganar da ta shigo ta kunne wurin nan ɗaya take nufa, sai su yi karo. Ƙara mai tafiya bai ɗaya, wadda ba ta hawa ba ta sauka, ba ta cika yin wannan ɓarnar ba. Zan ma iya cewa janaretan maƙwabcinki bai kai waƙar cutar da rubutunki ba, duk da ciwon kan da yake sawa. Ki gwada sautin ruwan sama, akwai shi birjik a YouTube na awa da awanni, ki sauke guda ɗaya a waya.

Ɗan Damagaram:

Hajiya, ni kiɗan Mali ya raba ni da wannan. Kora nake sawa, mai tsirkiya 21 ɗin nan, musamman faifan da marigayi Toumani Diabaté ya yi tare da marigayi Ali Farka Touré, wanda ya fito a 2005. Yawancinsa kiɗa ne kawai, kuma babu taken da na sani a ciki balle ya ja ni. Amma sirrin a wurina shi ne maimaici: faifai ɗaya nake ji kusan shekara uku, har kunnena ya daina lura da shi. In na sa sabon abu, ko mai daɗi ne, rubutu ya tsaya.

Mai Baitoci:

Ni kam na bambanta da ku kaɗan, wataƙila don waƙa nake rubutawa ba labari ba. Ba na iya ɗora baiti ɗaya sai ina rera shi. Nakan saurari kiɗa tukuna, na kalangu ko na kuntigi, har karin ya zauna mini a ƙirji. Daga nan sai in kashe, in ɗauki biro, ina ƙwanƙwasa tebur da yatsa ina auna gaɓoɓi. In na bar kiɗan yana tafiya, amshin wani nake samun kaina ina bi, ƙafiyata ta koma tasa. Ke ma ki gwada haka: ki ji waƙar da ta dace da wurin nasihar kafin ki fara, in zuciya ta yi laushi ki kashe ta ki rubuta.

Yaya Babba:

Ƙanwata, ƙarin tunatarwa ɗaya, don na san wani zai ce ki sa karatun Alƙur'ani a madadin waƙa. Na taɓa yin haka, sai malaminmu na Islamiyya ya karanto mini aya ta 204 a Suratul A'araf, inda aka ce in ana karanta Alƙur'ani a saurara a yi shiru. Tun ranar na raba su. Karatu lokacinsa daban, da hankalina duka. Rubutu kuma na mayar da shi bayan asuba, kafin gari ya waye, lokacin duk injinan unguwa sun mutu. Rabin awa a lokacin ta fi mini awa biyu na dare.

Maman Husna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, bayaninka ya kwantar mini da hankali, da na ɗauka tunanina ne ya yi rauni. Jiya na bi shawarar Mai Baitoci, na ji waƙa ɗaya na kashe, na sa sautin ruwan sama ƙasa-ƙasa. Na sake rubuta nasihar, kuma wannan karon muryar kakata ce ta fito, har da yadda take cewa "ke 'yar nan" kafin ta fara faɗa. Yaya, asuba za ta yi mini wuya saboda abin karin 'yan makaranta, amma zan gwada ranar Asabar in sha Allahu.