Musayar Waƙa: Sin a Teku da Samaniya

Na-Tudu: Salamu alaikum, ma'abota baiti. Na aza harsashi, ƙwar huɗu ce, amsa-amo "ya". Mai ja ya shigo.

Da sunan Allah zan fara,
Batun ƙasar Sin zan tsara,
Ta taso ba ta yin ƙara,
Ta cika teku, ta doshi samaniya.

A 1996 aka ƙure ta,
Kan Taiwan Amurka ta tare ta,
Da manyan jirage biyu ta tsare ta,
Sin ta haɗiye, ta ajiye a zuciya.

Wani tsohon jirgi mai ɗaukar jirage, Varyag sunansa,
Yana Yukren, tsatsa ta ci jikinsa,
Aka ce caca za a buga a cikinsa,
A 2012 ya zam Liaoning na Sin, ka ji tafiya.

Shandong a 2019, ƙirar hannu,
Fujian ya biyo baya a sannu,
Majajjawar lantarki mai cilla jirage gare shi, ya ginu,
Irinta sai Amurka a duk duniya.

Baba Tsohon Soja: Wa'alaikumus salam. Ɗana, ka yi kiɗa, to ga amshi.

Ɗana Na-Tudu, rage murna,
Yawan jirage, na ji magana,
Sun haura 370, Amurka ma ta nuna,
Amma nauyinsu fa? Nan ne tambaya.

Masu ɗaukar jirage, Amurkawa sha ɗaya gare su,
Nukiliya ce ke tura su,
Na Sin ukun nan mai ake zuba musu,
Tanki in ya ƙafe, dole a tsaya.

Sojan da bai ji ƙarar harsashi ba!
Tun 1979 ba ta yi babban yaƙi ba,
Da Biyetnam ne, kuma ba a teku ba,
Atisaye daban, ranar wuta daban, gaskiya.

Ga mashigin Malaka, ƙunci gare shi,
Man da take saye ta nan ake bi da shi,
Ranar rigima in aka toshe shi,
Wa zai buɗe? Ba ni amsa ɗaya.

Hajiya 'Yar Malam: Baba, a gafarce ni, ban ƙi taka ba. Sai dai ku biyun duk ruwa kuke kallo.

Baba da Yaya, ku ɗaga kai,
Ba a ruwa zancen yake ba kaɗai,
Jirgi komai girmansa, in an gan shi sarai,
Makami mai linzami zai same shi ba wuya.

DF-21D da DF-26 na nan a ƙasa,
An ƙera su don jirgin da ke nesa,
Amma ba sa gani sai da ido a bisa,
Tauraron ɗan'adam ke nuna musu hanya.

Shi ya sa ta gina BeiDou nata,
A 2020 ta kammala abinta,
Ta ƙi GPS ya zam madogararta,
Kar mai shi ya kashe, ya bar ta a baya.

Janairun 2007 ku tuna,
Tauraronta na yanayi ta auna,
Ta farfasa shi don ta nuna
Cewa na wani ma, in ta so, za ta iya.

Tarkace sama da 3,000 suka watsu,
Har yau da yawa na yawo, ba su kwasu,
Duk mai tauraro yana kauce musu,
Wannan kam ɓarna ce, ba na kare ta ko ɗaya.

Na-Tudu: Madalla, Hajiya ta ɗauke mini rabin kaya. Baba, saura naka.

Baba, hanyar man nan ta san da ita,
Shi ya sa a Jibuti ta kafa sansaninta,
A 2017 ta ɗaga tutarta,
Ga na Amurka can kusa, ƙasa ɗaya.

Ta teku Ingila ta shigo mata,
Yaƙin Ofiyom ya karya ƙofarta,
A 1894 Japan ta nutsar da jiragenta,
Wanda maciji ya sara yana tsoron igiya.

Baba Tsohon Soja: Tsoron ne ya kai ta ruwan maƙwabta?

Ɗana, tambayi Filifin ta gaya maka,
Tudun da aka cike da yashi a tsaka,
Aka yi titin saukar jirgi, aka girka
Makamai, wai ruwan kakanni ne tun can baya.

A 2016 kotu a Hague ta yanke,
Ta ce hujjar taswirar Sin ta tsinke,
Sin ta kau da kai, tana nan a girke,
Mai kukan zalunci jiya, yau wa take wa tsiya?

Auta: Iyayena da yayyena, a ba Auta wuri ya sa baki.

Mu ma fa zancen ya taɓa mu,
Sin ce ta harba tauraronmu,
Na 2007 bai daɗe ba ya bar mu,
A 2011 ta musanya wa Nijeriya.

Jiragen sojan ruwanmu, NNS Centenary da Unity, ku duba,
A Sin aka ƙera su, ba a nan ba,
Jiragenta a Legas, 2023, ban manta ba,
Baba, ciniki ne wannan ko sharar hanya?

Hajiya 'Yar Malam:

Auta, ka jira Baba ya amsa,
Ni dai ga abin da zan ƙarasa,
A 2019 Amurka ta ware sojan taurari a bisa,
A 2024 Sin ta ware nata na samaniya.

Yaya Na-Tudu kuma, ka tsallake baitin Filifin ba amsa. Mun gani, muna jira.