Mamman Shu'aibu da Mahamane Chaibou: mutum ɗaya ne ko biyu?

Jikan Mamman: Assalamu alaikum. Muna tattara salsalar gidanmu a FamilySearch, shafin intanet na haɗa bishiyar dangi. Kakanmu na Jibiya a takardun Najeriya Mamman Shu'aibu ne. 'Yan uwa daga Maraɗi sun turo wata takarda mai sunan Mahamane Chaibou, an rubuta "né vers 1935". Na Jibiya sun ce a haɗe, na Maraɗi sun ce a bar kowa daban. In haɗe ko in bari? In na haɗe, wane rubutu zan sa a gaba?

Badamagare: Wa alaikumus salam. Rubutun bai saɓa ba. Akawun Faransa yana rubuta u da ou, sh da ch, j da dj, c da tch, ya kan ninka s tsakanin wasula. Shi ne Musa ya zama Moussa, Yusufu ya zama Issoufou. Amma wannan 1935 kada ka dogara da ita, "né vers" kintace ne, an dubi mutum an yanka masa shekara.

Bazazzagi: Ka yi gwajin DNA kawai.

Malama Mai Alli: Gwajin zai nuna jini ɗaya ne, amma ba lalle ne ya raba wa da ƙane ba, kuma matsalar ke nan. Ɗan uwa, Chaibou ba sunan dangi ba ne irin na Turawa, sunan uba ne. Malam Shu'aibu ɗaya yana iya haifar Muhammadu uku: Auwalu, Sani, Salisu, kuma duk a kira su Mamman. Kafin ka haɗe ka nemi abu uku da suka dace ban da suna: sunan uwa, unguwa, sunan matansa ko sana'arsa. Sannan ka tambayi laƙabi, don Garba Abubakar ne, Shehu Usman ne, Iro Ibrahim ne, injin bincike bai san haka ba.

Ɗan Zango: Ƙari kan na Malama. Shafukan da ke aiki da Soundex, tsarin ba suna lamba bisa sautinsa, suna riƙe harafin farko, don haka Usman U255 ne, Ousmane O255, ba za su haɗu ba. Ka sa tauraro a gurbin haruffan da ke canzawa: *sman* ko *aibou. A Kumasi kuma Sa'idu, Idrisu, Husaini ka neme su da Seidu, Iddrisu, Fuseini. Suna mai Ɗan ka gwada shi da Dan, saboda rajistar da ba ta da ƙugiya.

Baban Gida: Ku bar maganar tauraro. Akwai gidan da wani yaro ya haɗe Audu biyu a irin wannan bishiya, ɗaya ɗan uwargida, ɗaya agola da ya tashi a gidan ana kiransa da sunan maigida. Aka buga, aka raba wa dangi a taron biki. Da rabon gona ya taso, jikokin agolan suka ɗauko takardar nan hujja. Alƙali bai karɓa ba, ya nemi shaidu, amma kafin nan an fasa aure ɗaya, an daina gaisawa, har jana'iza wani ɓangare bai je ba. Yaron bai yi da mugunta ba, suna ya gani iri ɗaya. Raba abin da aka haɗe a shafin yana yiwuwa, amma kwafin da ya shiga wayoyin mutane wa zai karɓo?

Bakano: Allah ya kyauta. Bazazzagi da DNA, ka fara gano ko kakanka bawanmu ne tukuna.

Bazazzagi: Bakano in ya ji salsala sai ya tambayi nawa ake sayarwa.

Jikan Mamman: Baba, mu ba gado a tsakani. Tambayata ta biyu fa, wane rubutu ne a gaba?

Badamagare: Na takardar da ta fi tsufa, harafi da harafi. Sauran su shiga gurbin ƙarin suna, kowanne da bayanin inda aka gan shi.

Malama Mai Alli: A'a. Sunan yanka da ƙa'idar Hausa ne a gaba. Kuskuren akawu ba ya zama asali don ya tsufa.

Baban Gida: Ku duka 'yan takarda ne. A samu tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan, a naɗi muryarta. Ita ta san wa ya sha nonon wa.

Ɗan Zango: Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan fari ba, Baba, kunya. Sai a sa jika ya faɗa, ita ta gyaɗa kai.

Bakano: Ni abin da ya fi damun mutane yanzu Muhammad a NIN, lambar ɗan ƙasa, Mohammed a BVN, lambar banki. Harafi biyu, an rufe asusu. Sai rantsuwar kotu.

Bazazzagi: Wannan ban da buga sanarwa a jarida.

Malama Mai Alli: Gyaran harafi ba canjin suna ba ne, wasu bankunan rantsuwa kawai suke nema.

Bakano: Wasu kuma sai sun ga jaridar. Kuma mai shigar da bayanai shi ke juya sunan uba ya koma gurbin sunanka, kai ka biya kuɗin gyara. Wa ya san inda ake gyaran ba tare da ɗan tsakiya ba?